Yadda wutar lantarki ke lanƙwasa ƙarfe

A shekarar 1880 ne wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Pierre da Jacques Curie, suka gano cewa akwai duwatsun da ke fitar da wutar lantarki idan aka matse su.

Shekara guda bayan haka suka tabbatar da akasin hakan, wato idan aka sa wa duwatsun wuta sai su miƙe ko su tsuke.

A yau injiniyoyi kan manna siririn fallen tangaran mai wannan hali, wanda ake kira PZT, a jikin ƙarfe domin rage jijjiga a injuna da sassan jiragen sama.

Miƙewar fallen ba ta wuce misalin kashi ɗaya cikin dubu na tsawonsa ba.

To amma da yake yana manne da ƙarfen, sai ya ja shi, har ƙarfen ya ɗan lanƙwasa.

Gam ɗin da ya haɗa su ne ke ɗaukar nauyin wannan ja-in-ja.

A shekarar 1987, Edward Crawley da Javier de Luis na jami'ar MIT da ke Amurka sun nuna cewa nauyin yana taruwa ne a bakin fallen, musamman idan gam ɗin siriri ne mai tauri.

Daga nan ne galibi ɓamɓarewa ke farawa.

Idan kuwa gam ɗin ya yi kauri, sai ƙarfin ya salwanta a cikinsa kafin ya isa ga ƙarfen.

Shi ya sa masana ke auna yadda wuta ke bi ta cikin fallen, domin gano ɓaraka tun kafin ido ya gan ta.