BABI NA UKU: Sanya Kayan Yaji da Lemo a Abubuwan Sha na Gida a Ƙasar Bagudo

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan yadda matan ƙasar Bagudo suke sarrafa kayan yaji da lemon tsami wajen haɗa abubuwan sha na gida. Ƙaramar Hukumar Bagudo tana cikin Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1991, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen garuruwa irin su Lolo da Tsamiya. Wannan maƙwabtaka ta sa abin shan Hausawa da na Dandawa da Busawa sun daɗe suna cuɗanya a kasuwannin yankin.

3.1 Kayan Yajin da Ake Amfani da Su

Manyan kayan yajin su ne citta mai yatsu da citta mai ƙwaya da kanumfari da masoro da kimba da barkono. In ban da barkono, galibinsu fatake ne suke kawo su daga nesa. Alal misali, citta mai yatsu daga kudancin Kaduna take zuwa, musamman yankin Kaciya, masoro da kimba kuwa daga kurmi, shi kuma kanumfari daga ƙetare, kamar Zanzibar da Madagaska. Saboda haka suna da tsada, kuma ana auna su da lissafi.

3.2 Kunun Zaƙi

Idan za a yi kunun zaƙi, akan jiƙa gero ko dawa na kwana ɗaya ko biyu, a niƙa tare da citta da kanumfari, sannan a raba ƙullun gida biyu. Kaso mafi yawa shi ake damawa da tafasasshen ruwa. Idan ya huce sai a zuba ɗanyen kason, wanda akan haɗa da tsiron hatsi ko busasshen dankali, a rufe ya kwana. Wannan ɗanyen kaso shi yake tsinka kunun ya fito da zaƙinsa, shi ya sa ba a zuba shi da zafi.

Amfanin kayan yaji a nan iri biyu ne. Na farko ƙamshi da ɗanɗano. Na biyu kuwa, man da ke cikin kanumfari yana rage ƙarfin ƙwayoyin da ke lalata abin sha. Amma idan ya yi yawa yakan kashe harshe, ya bar ɗaci, mai sana'a ta rasa masu saye.

3.3 Zoɓo da Lemon Tsami

Zoɓo, wanda mutanen Benin suke kira bisab, ana dafa shi ne da citta da kanumfari. Shi kuwa ruwan lemon tsami sai an sauke tukunya ta huce ake matsa shi, domin zafi yana kore ƙamshinsa. Tsamin lemo yana ƙara wa zoɓo ja, kanwa kuwa duhu take sa shi. Idan za a sa ɓawon lemo, koren saman kawai ake kankarewa, domin farin da ke ƙarƙashinsa ɗaci gare shi.

3.4 Iyakar Kunu da Giya

A nan ne ake buƙatar lura. Da tsiron dawa ake yin burkutu, wadda a arewacin Benin ake kira cukutu. Abin da ya raba ta da kunu shi ne ana barinta ta tsimu har zaƙin ya rikiɗe ya zama abin maye. Kunun da ya daɗe cikin zafi shi ma yakan fara kumfa da tsami, kuma yaji ba ya hana wannan, jinkirta shi kawai yake yi. Tun da Musulunci ya haramta giya, kuma Jihar Kebbi ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, mai kunu takan dama iya abin da za ta sayar a wuni guda, don tsare addininta da jarinta.

Bugu da ƙari, wannan hikima ta yaji ba ta tsaya ga ƙasar Hausa ba. A kudancin Beljiyam akwai giyar manoma da ake kira sezon, wadda a da ake dafawa da hunturu domin 'yan ƙwadagon gona. Wasu masu dafa ta sukan zuba ɓawon lemo da citta mai ƙwaya, wadda asalinta Afirka ta Yamma ne, dab da sauke tukunya, saboda dalili ɗaya da na mai zoɓo, wato kada ƙamshi ya bi tururi.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an nuna cewa gwanintar mai haɗa abin sha ta dogara ne ga sanin awo da lokacin zuba kowane abu. Babi na gaba zai duba yadda ake cinikin waɗannan abubuwan sha a ranakun kasuwa.