Mako Guda da Tushen Gyaɗa

Ya 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ga wani abu da na jarraba sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a aji huɗu na wata makarantar ƙauye a ƙasar Kano, da kaka. Abin da na tarar ya dame ni. Yara sun haddace jadawalin lissafi da sunayen garuruwa, amma da an kaɗa ƙararrawa sai su ajiye darasi ɗaya su ɗauki wani, ba su san cewa wannan yana da dangantaka da wancan ba, balle da gonar ubansu. Shi ya sa iyaye ke janye 'ya'yansu da kaka, suna cewa gona ta fi. Sai na roƙi babban malami ya yarje mini in ɗaura darussan mako guda bisa abu ɗaya wanda kowane yaro ya sani, watau gyaɗa.

Ran Litinin muka tuge tushe guda da saiwarsa muka kawo aji. Yara suka ga yadda furen, mai ruwan ɗorawa, ya kan fito a sama, sa'an nan wani ɗan tsinke ya fito daga gurbinsa ya nutse cikin ƙasa, can ne 'ya'yan ke ƙosawa. Na nuna musu 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, na ce a cikinsu akwai ƙananan halittu masu jawo abincin shuka daga iska, dalili ke nan gonar da aka yi gyaɗa ta kan yi wa gero kyau baɗi. Kafin mu tashi muka zuba busasshiyar gyaɗa a ƙwarya ɗaya, jiƙaƙƙiya a wata, muka rufe.

Ran Talata lissafi. Muka auna mudu huɗu na gyaɗa mai ɓawo, na tambaye su mudu nawa za a samu in an ɓare. Kowa ya rubuta zatonsa, kāna muka ɓare muka auna. A nan suka fahimci rabi da rubu'i da idonsu, abin da na yi kwana uku ina fama da shi a allo.

Ran Laraba labarin ƙasa da tarihi. Yara suka yi mamaki da suka ji asalin gyaɗa daga Amurka ta Kudu ne, kuma 'yan Fotugal ne suka ƙetaro da ita Afirka cikin jiragen ruwa. Muka bi hanyar jirgin ƙasa a taswira daga Kano zuwa Ikko, wajen mil 700. Na gaya musu jirgin ya iso Kano a 1911, daga nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa, har attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka shahara da shi, ana jera buhuna kamar duwatsu, ana kiransu dala. A 1975 wata cuta da ƙwari ke yaɗawa ta tsumburar da gyaɗa a arewacin Nijeriya, dalar kuwa yau babu ita. Na aike su su tambayi kakanninsu abin da suka gani.

Ran Alhamis kowa ya rubuta abin da aka faɗa masa, waɗansu kuma suka bayyana yadda uwayensu ke soya gyaɗa, a niƙa, a matse mai, a yi ƙuliƙuli da tunkuza. Ban taɓa samun rubutu mai tsawo haka daga gare su ba, gama wanda ya san abin da zai faɗa ba ya rasa kalmomi.

Ran Juma'a muka buɗe ƙorai. Busasshiya tana nan lafiya, jiƙaƙƙiya ta yi fumfuna. Wannan ya zama darasin tsabta, domin fumfunar gyaɗa na iya ɗauke da dafi mai lalata hanta, saboda haka tilas a shanya ta sosai, a tsince ruɓaɓɓu a zubar.

Amma kada in ɓoye muku kuskurena. Daɗin labari ya ɗauke ni har na rage wa lissafi lokaci, da na gwada su ran Juma'a sai na ga waɗansu sun iya rubu'in mudu, ba su iya rubu'in 20 ba. Ashe gani da ido mafari ne kawai, sai an bi shi da aikin allo. Kuma ba kowane darasi ya ke shiga ba, wanda ya ƙi kada a cusa shi da ƙarfi.

Duk da haka, tsinke ɗaya ba ya shara, sai an ɗaure tsintsiya. Wanda aka tura ƙasar auduga ko ta masunta, ya duba abin da ke hannun mutanen wurin ya ɗaure darussansa da shi. Allah ya ba mu sa'a, amin.