Famfon Tsakar Gida da Ruwan Dare

Titin Zariya, wanda ya ratsa Gyadi-Gyadi, shi ne ke kai mutum Tamburawa, inda Hukumar Ruwa ta Jihar Kano ke tace ruwan Kogin Kano. Kusa ne, amma a gidaje da dama na Gyadi-Gyadi da Tarauni ruwan famfo ba shi da lokaci, kuma sau da yawa cikin dare yake zuwa. Birnin da ya san famfo tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, yau rijiyar burtsatse da kurar 'yan garuwa ne ke riƙe da shi.

Wannan rashin tabbas ya haifar da wata al'ada: a bar famfon tsakar gida a buɗe domin a ji shi idan ya kawo. Wani lokacin barci ya kwashe kowa, ruwa ya kwana yana bin kwata. Wannan asara ce kawai. Abin da ya fi muni ba ya ganuwa.

Bututun da ke cike yana tura ruwa waje ta duk inda ya tsage. Da an ɗauke ruwa sai lamarin ya juya, bututun ya koma zuƙa. Idan ya bi ta kwata, kamar yadda ake gani a lunguna, ƙazanta ce za ta shige shi. Haka tiyon da aka zura cikin duro aka manta: yana iya zuƙe ruwan duron ya mayar cikin layi, har ya isa gidan maƙwabci. Shi ya sa ruwan farko bai dace da randa ba, a bari ya ɗan zuba tukuna. Bakin tiyo kuma ya tsaya sama da ruwan duro.

Kan famfon kansa iri biyu ne a Kasuwar Ƙofar Ruwa. Akwai na murɗawa, mai danne wata 'yar roba a kan ramin da ruwa ke fitowa. Idan ya fara ɗiga, yawanci robar ce ta cinye, kuma matse shi da ƙarfi, abin da yara suka ƙware a kai, ƙara murƙushe ta yake yi. Ɗigo ɗaya a daƙiƙa ɗigo 86,400 ne a kwana guda. Akwai kuma mai hannu, wanda ake karkatawa sau ɗaya ya rufe. A cikinsa ƙwallo ne mai huji. Ya fi jure wahala, sai dai yashi na ci masa ciki. Kan famfon da jikinsa duka roba ne yana da araha, ɓarayin tagulla ba sa kula shi, amma ranar Kano na gasa shi har ya tsage.

A ganina abin da ya fi cancantar kuɗin maigida shi ne makullin ruwa a daidai inda bututu ya shigo gida, da wani a gindin tanki. Ba tare da su ba, canza 'yar roba ɗaya ma sai an jira tanki ya ƙare, ko mai gyara ya yi aikinsa ruwa na feshe masa fuska.