Ƙwarzane da Tsagewa a Fentin Mota

Mutane da yawa sun ɗauki fentin mota a kan kwalliya ce kurum, watau abin da a ke yi don a burge masu kallo. Saboda haka in ƙaya ta ƙwarzani jikin mota a hanyar ƙauye, ko mai amalanke ya goge ta a bakin kasuwa, sai mai ita ya yi tsaki, ya ce ai wannan ba ya hana tafiya, ya ƙyale. Wannan kuskure ne mai tsada. Jikin yawancin motoci farantin ƙarfe ne wanda kaurinsa bai cika milimita 1 ba, ba kuwa abin da ya raba shi da ruwa da iska sai fentin nan. Aikin da makuba ke yi wa soron ƙasa, shi fenti ke yi wa mota. Duk wanda ya zauna gidan ƙasa ya san in ya ga tsaga da rani ya ƙi yaɓe ta, damina za ta yi masa hisabi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙadangaren mota kuwa ita ce tsatsa.

Tsatsa ba ta tsayawa inda ta fara. Da zarar ruwa da iska sun taɓa ƙarfe tsirara, sai ta kama, ga shi kuwa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri. Don haka sai ta riƙa kumburi tana ɗaga fentin da ke gefe, ruwa ya ƙara samun hanya, ita kuma ta ƙara gaba ta ƙarƙashi inda ido ba ya gani. Ƙurajen nan da mu kan gani a gindin ƙofar tsohuwar mota, ko a bakin da ke bisa taya, daga nan su ke. Ran da aka fasa su sai a tarar ƙarfen ya zama gari.

Kafin mu yi maganar gyara, ya kamata mu san abin da za a gyara. Fentin motar zamani ba shafe ɗaya ba ne, hawa-hawa ne. A ma'aikata a kan wanke gangar jikin, a tsoma ta ɗungum cikin wani babban kwatami na fentin hana tsatsa, a sa wutar lantarki ta jawo shi ya manne ko'ina, har cikin saƙo-saƙo. Bisa wannan sai a fesa na shimfiɗa, mai toka-toka ko fari, wanda ke daidaita fuska. Sa'an nan a fesa mai launi, watau ja ko shuɗi ko wanda dai mai saye ya gani ya so. Daga ƙarshe a rufe da wani garai-garai kamar gilashi, marar launi, shi ne mai sheƙin, shi ne kuma ke tare zafin rana. Duk huɗun nan in an haɗa, kaurinsu bai wuce na warƙa ɗaya ta takardar rubutu da wani abin kirki ba, watau kashi 1 cikin 10 na milimita da 'yan kai.

Ba haka abin ya faro ba. Motocin farko da buroshi a ke shafe su, kamar kekunan doki, a yi makonni ana jiran su bushe. Kamfanin Ford na Amurka, daga 1914 zuwa 1925, baƙa kaɗai ya ke fitar da motarsa Model T. A 1924 kamfanin General Motors ya fito da motarsa Oakland da wani sabon fenti na kamfanin DuPont mai suna Duco, wanda a ke fesawa da bindigar iska ya bushe cikin sa'o'i, daga nan launuka suka yawaita. Shi kuwa rufin nan garai-garai na sama, sai cikin shekarun 1980 ya game duniya. Wannan tarihi yana da amfani ga mai tsohuwar mota. In mutum ya goga ɗan man goge fenti da farin tsumma a wani lungu, ya ga launin motar ya fito a tsumman, to tasa ba ta da rufin sama, kuma gyaranta dabam ne.

A ƙasarmu babban mai ƙwarzanar mota ba ƙaya ba ce, mai wankinta ne. Da hunturu iskar arewa maso gabas ta kan ɗebo ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta bisa kome. Cikin ƙurar nan da ta hanya akwai ƙwayoyin yashi waɗanda sun fi fenti tauri nesa ba kusa ba. To, da safe sai yaro ya ɗauko busasshen tsumma ya hau murza mota, yana ganin gwaninta ya ke yi, alhali kuwa samfefa ya ke bi da ita. Zanen nan masu kama da saƙar gizo-gizo da mu kan gani bisa baƙar mota in rana ta haska ta, aikinsa ne. A fara kwarara ruwa ya tafi da ƙurar tukuna, kana a sa soso mai laushi da kumfa, daga sama zuwa ƙasa, tsumman taya kuwa kada ya hau jiki. Kashin tsuntsu da na jemage da ƙaron itace su ma a wanke su ran nan, gama in rana ta gasa su su kan ci fenti. Man birki ya fi su duka ɓarna, ɗigo ɗaya in an bar shi sai ya tayar da fenti.

Yanzu ga ƙwarzane ya auku. Abin da za a fara sani shi ne zurfinsa, domin zurfi ke faɗin magani. A wanke wurin, a bi ta kansa da farce a gicciye. In farce ya wuce bai tsaya ba, kuma in an zuba ruwa zanen ya ɓace sai ya bushe ya komo, to a rufin sama kaɗai ya ke. Sau da yawa ma fentin abin da ya goge ta ne ya manne, nata lafiya lau. Irin wannan man goge fenti ya ishe shi, a sa kaɗan a tsumma mai laushi a riƙa murzawa a inuwa. In ya ƙi, gwani ya kan jiƙa samfefa mai laushin gaske, lamba 2000 ko 3000, ya bi a hankali, sa'an nan ya goge sheƙi ya komo. Amma fa a gane, gogewa ba ta cike zanen, gefensa ta ke ci har su daidaita. Kowace gogewa rage rufin ta ke yi, rufin kuwa bai kai kaurin silin gashi ba. Wanda ya mai da injin gogewa abin yi duk wata, ran nan zai ga rufin motarsa ya yi fari-fari yana saɓa kamar maciji, wannan kuwa ba shi da magani sai sabon feshi.

In farce ya tsaya, aka hango toka-toka ko fari a ciki, to an ratsa launi an kai shimfiɗa. In kuwa ƙarfe ke walƙiya, ko ya fara yin ja, to babu sauran jira. Ƙaramin wuri mai mota na iya yi da kansa. Kowace mota tana da lambar launinta, a rubuce a wani ɗan faranti ko takarda, yawanci a dogaran ƙofar direba ko a ɗakin inji. Da lambar nan za a je wurin mai haɗa fenti, gama fari ma ba iri ɗaya ba ne. A kankare tsatsa sarai har ƙarfe ya yi haske, a goge maiƙo, a ɗiga fentin hana tsatsa da ɗan siririn buroshi ko tsinke, ya bushe. Sa'an nan a sa launi kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku, ana ba kowane kamar rabin sa'a, kana a rufe da mai sheƙi. A bar shi kwanaki ya yi tauri kafin a taɓa shi da abin gogewa. Ba mu ce wurin zai ɓace wa mai duban tsaf ba, amma ƙarfe ya rufu, shi ne kuwa bukata.

Tsagewa ita ce mai wuyar sha'ani, don ƙwarzane daga waje ya ke zuwa, ita kuwa yawanci daga ciki ta ke tasowa, kuma kamanninta na faɗin asalinta. In fenti ya dare ƙanana-ƙanana kamar taɓon tafki da rani, ko dai an lafta shi da kauri, ko an ɗora wani bisa wani tun na ƙasa bai bushe ba, ko an haɗa iri biyu waɗanda ba su ga maciji. In tsaga ce doguwa guda ɗaya, ko mai zagaye kamar bakin ƙwarya, to lalle akwai ƙullun cike a ƙasa, wanda masu sana'a ke kira fila. In a bamba ne, dalili shi ne bambar motar zamani roba ce mai lanƙwasa, fentin da ba a sa masa maganin laushi ba kuwa ba ya iya bin ta. Duk cikinsu babu wadda man gogewa ke warkarwa, babu kuma wadda sabon fenti ke rufewa. A fesa bisa tsaga, kafin damina ta zagayo ta sake fitowa a inda ta ke. Tilas a kankare har a kai inda ke da lafiya, ko da ƙarfe ne, a faro gini daga tushe.

Maganar filar nan tana son tsayawa. Fila ba abin ƙi ba ce in an yi ta bisa ƙa'ida. Ƙa'ida kuwa ita ce a fara buge lotsawar da guduma, ƙarfe ya komo kusa da yadda ya ke, a kankare shi da samfefa mai kaushi lamba 80, kana a shafa fila sama-sama don ta cike 'yan ramukan da suka rage, kada kaurinta ya wuce kamar milimita 3. Maganin da ke sa ta tauri kamar kashi 2 cikin 100 a ke sawa, in ya yi yawa ya ɓata launi, in ya yi kaɗan ta ƙi kamawa. Tana kuma shan ruwa, don haka ba a goge ta da jiƙaƙƙiyar samfefa, ba a kuwa barinta a buɗe ta kwana cikin raɓa. Amma bugun ƙarfe aiki ne mai cin lokaci, cusa fila kuwa na minti kaɗan ne. Sai rago ya cika rami da ita kamar mai yaɓen rumbu. Ƙarfe na miƙewa da zafi yana komawa da sanyi, yana kuma girgiza bisa gargada, tulin filar ba ya iya binsa, sai ya dare, wata rana ma ya faɗo gaba ɗaya.

Wannan ya shafi mai sayen tsohuwar mota, musamman irin waɗanda a ke kira na Kwatano. Da yawa sun fito daga ƙasashen ƙanƙara inda a ke barbaɗa gishiri a hanya da sanyi, gishiri kuwa abokin tsatsa ne, waɗansu kuma sun yi haɗari an gyara. Mai saye ya tafi da ɗan maganaɗisu marar ƙarfi, ya naɗe shi da ƙyalle, ya bi jikin da shi. Inda ya kama sosai ƙarfe na kusa, inda ya saki akwai tulin fila. Sai dai a tuna ba ya kama roba ko alminiyam, waɗansu motoci kuwa da su a ke yi musu murfin inji. A kuma duba mota da rana tsaka bayan an wanke ta ta bushe, gama jiƙaƙƙiyar mota ba ta da aibu.

A ganinmu rabin laifin mummunan aiki na masu mota ne. Mutum ya kawo mota ran Laraba, ya ce Jumma'a zai tafi biki da ita, ya kuma tsuke kuɗi. Alhali kuwa feshi shi ne ƙaramin aiki, babban yana ga kankara da gogewa da jira. A ma'aikata gasa fenti a ke yi da zafi kamar digiri 140, abin da ba shi yiwuwa ga motar da aka riga aka haɗa da robobi da wayoyi, saboda haka mai gareji da haƙuri ya ke biyan abin da ba shi da tanda. In ya fesa a fili da hunturu ƙura ta zauna ciki, in da tsakar rana ya bushe tun bai kwanta ba ya yi kamar ɓawon lemo, in ana hadari laima ta dusashe shi. Mai fenti na ƙwarai za ka gan shi yana yayyafa ruwa a ƙasa, yana tsiyaye ruwan da ya taru a tukunyar injin iska, yana gwada launi a guntun ƙarfe ya kai shi hasken rana, domin tsohon fenti ya riga ya koɗe, ja kuwa ya fi saurin koɗewa.

Saura magana ɗaya wadda ta fi mota. Mu da aikinmu ya ke zagaya makarantu, mu kan tarar da yaran da muka sani a aji sun zama 'yan koyo a gareji, abin yabo ne kuwa. Amma sau nawa mu kan gan su cikin hazon fenti, ba kome a hancinsu sai ƙyalle, ko ma babu! Fentin zamani mai haɗi biyu, wanda a ke zuba wa maganin tauri, yana da wani sinadari mai suna aisosayanet, wanda ke jawo ciwon asma, wanda ya kamu kuwa ko kaɗan ya shaƙa daga baya sai ƙirji ya toshe. A Ingila masu fesa fentin mota suna cikin ma'aikatan da wannan ciwo ya fi kamawa. Ƙyalle ba ya tare shi, takunkumin takarda ma haka, shan madara bayan aiki kuma ba ya wanke huhu. Abin da ke tsare mutum sosai shi ne takunkumin da a ke turo wa iska mai tsabta ta mesa. Inda ba a samu ba, a ƙalla a sa mai matatar gawayi ana sake ta a kan kari, a yi aiki inda iska ke fita, a kori 'yan kallo. Kada a wanke hannu da ruwan tsinka fenti, kada kuma a kusato da wuta ko taba, don tururinsa na kamawa.

In mota ta fito daga feshi, a ba fentin kamar wata guda ko fi kafin a shafa masa man ƙyalli ko a rufe shi da tamfol, domin yana nan yana fitar da sauran ruwansa. A cikin kwanakin nan ruwa da soso mai laushi sun isa, a kuma nema mata inuwar da ba ta tsuntsaye ba.