FILIN MANOMA: Gona Ita Ke Zaɓen Tarakta

Da ruwan shuka ya sauka a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, ba abin da ya ke wuyar samu kamar tarakta. Manomi ya biya kuɗin haya tun cikin watan Mayu, a sa masa rana, ranar ta zo ta wuce, danshi ya tafi, maƙwabcinsa mai shanun huɗa kuwa har masararsa ta tsiro. Wannan ne ya sa manoma masu ɗan hali, da 'yan kasuwar hatsi na Ɗandume da Bakori, da ma'aikatan da suka bar aiki suka koma gona, su ke ta shawarar sayen 'yar ƙaramar tarakta ta kansu. Shawara ce mai kyau. Amma fa kuɗin tarakta ba kuɗin keke ba ne, wani sai ya sayar da shanu ko ya ci bashi. Wanda ya saya ba tare da lura ba ya kan yi hasara iri uku: ta kuɗi, da ta ƙasar gonarsa, wani lokaci ma har da ta rai.

Ba Yau Aka Fara Ba

Cikin 1928 Ma'aikatar Gona ta fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu. Abin ya karɓu ƙwarai a ƙasar auduga, musamman kewayen Daudawa, inda Gwamnati ta ke da gonar yaɗa iri, ga kuma injunan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Dalilin karɓuwarsa a fili ya ke. Garmar shanu ta yi daidai da girman gonar talaka, maƙerin gari yana iya gyara ta, in sa ya tsufa kuma a sayar da shi da riba.

Noman inji bai zo da sauƙi haka ba. Cikin 1949 aka buɗe wata babbar gona a Mokwa, aka kawo taraktoci, aka zaunar da manoma. Inji ya kafce fili mai yawa, amma noman ciyawa da girbi suna nan a hannu, hannun kuwa bai isa ba. Cikin 1954 kamfanin da ya sa kuɗinsa ya janye. Bayan wannan gwamnatoci sun yi ta kafa wuraren hayar tarakta, aka kuma yi masana'antun haɗa ta a Kano da Bauchi, amma sau da yawa rashin ɗan ƙarfe guda ya kan ajiye tarakta damina sukutum.

Cikin 1975 aka kafa Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shi ya kawo takin zamani kusa da manomi, da sabon iri, da hanyoyin karkara, har masara ta zama babban amfanin wannan ƙasa. Masara kuwa ba ta son jinkirin shuka. Daga nan ne bukatar tarakta ta ƙaru. Abin koyi cikin wannan tarihi shi ne, inji ba ya gyara gonar da ba a shirya masa ba.

A Fara Auna Gangare

Ƙasar Funtuwa ba ƙasar manyan tsaunuka ba ce, amma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar faifai. Tudu ne da gangare, ga duwatsu sun tsaya nan da can, ga marmara a gindinsu, ga rafuffuka suna gangarawa fadama. A nan kusa ma Gulbin Sakkwato ya faro. Ruwan sama ya kan kai wajen milimita 1,000 a shekara, yawancinsa kuwa cikin wata huɗu ya ke zuba, da ƙarfi. Saboda haka kafin mutum ya je wurin mai sayar da tarakta, sai ya fara zaga gonarsa da ƙafa, ya auna ta.

Awon ba wuya. A sami igiya mai tsawon mita 10, da sanda, da ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa a ciki. Mutum ɗaya ya danne bakin igiya a ƙasa ta wajen tudu, ɗaya ya ja ta wajen gangare, ya ɗaga har ta daidaita, sa'an nan a auna daga igiya zuwa ƙasa. In bai kai rabin mita ba, gona mai sauƙi ce. In ya kai mita 1, tarakta za ta yi aiki, amma sai da dabara. In ya doshi mita 2, to, wannan gefe a bar wa shanu da fartanya, ko a dasa masa itatuwa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Cikin zagayen nan kuma a sa alama a kan kowane kututture, da ramin gara, da dutsen da ya ɓuya cikin ƙasa, da bakin kwazazzabo. Da rani a ke wannan aiki, tun ciyawa ba ta rufe su ba.

Wace Iri Za A Saya?

Ƙaramar tarakta ita ce mai ƙarfin doki 25 zuwa 50. Mai ƙarfin doki 35 zuwa 45 tana jan garma mai faifai biyu, da ƙaramin haro, da rija mai yin kunya biyu, da tirela. Garma mai faifai uku sai babba, irin ta 'yan haya. Wanda gonarsa ba ta wuce eka 10 ba, shanu biyu ko tarakta ta hannu mai ƙafa biyu sun ishe shi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ga mai gonar gangare akwai abubuwa huɗu da suka fi fenti da suna muhimmanci.

Na farko, faɗin tsakanin ƙafafu. Tarakta siririya mai tsawo ita ce mai saurin kifewa. Yawancinsu ana iya juya ƙafafunsu a buɗa su. In tazarar kunya santimita 75 ce, kamar yadda a ke yi wa masara, to, a buɗa ƙafafun su kai santimita 150. Ta haka za ta bi kwarin kunya ba ta taka shuka ba, ta kuma zauna daram a kan gangare. Wadda ba ta buɗuwa haka, kada a saye ta ko da an yi araha.

Na biyu, ja da ƙafa huɗu. Ta fi tsada, gyaranta kuma ya fi yawa, amma a kan tudu mai tsakuwa da cikin laka ƙarama mai ja da huɗu ta kan yi abin da babba mai ja da biyu ta kasa. In aljihu bai kai ba, a sayi mai biyu, a rataya mata ƙarafan nauyi a hanci, a zuba ruwa cikin tayoyin baya.

Na uku, ƙarfen kariya, watau wani ƙarfe mai kamar bakin ƙofa da a ke kafawa bisa kujerar direba, tare da ɗamara. Cikin 1959 ƙasar Suwidin ta yi doka cewa kowace sabuwar tarakta sai da shi, daga nan mutuwar direbobi ta hanyar kifewa ta ragu ƙwarai. Rumfar kwano da mai walda ya ke yi don rana ba ita ba ce, nan take ta ke lanƙwashewa.

Na huɗu, kayan gyara. Kafin a biya, a tafi wurin bakanike a Funtuwa ko Malumfashi a tambaye shi: in famfon mai ya lalace, ko kuloci ya ƙone, ina za a samu, cikin kwana nawa? In amsar ita ce Zariya ko Kano, da sauƙi. In sai an aika ƙasar waje, a haƙura. Abin da ya sa tsofaffin Massey Ferguson, irin su lamba 135 da aka fara ƙerawa cikin 1964, ba su ɓace daga gonaki ba ke nan: bakanike ya san cikinsu. Mai sayen tsohuwa ya tafi da bakanikensa da sassafe, a tayar da ita injin yana da sanyi, a duba hayaƙi, a ɗaga garma sama a kashe inji a ga ko za ta sauko da kanta, a taka birkin dama da na hagu ɗaya ɗaya. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Aiki A Kan Gangare

A nan ne maganar ta ke da harshe biyu. Direban haya ya fi son ya bi gona daga tudu zuwa kwari, don ya fi masa sauri. Amma kunyar da ta miƙe bin gangare, kwarinta magudanar ruwa ne. Ruwan watan Agusta ya bi ta da gudu, ya kwashe ƙasar sama da takin da aka saya da tsada, ya zuba a rafi, bayan 'yan shekaru sai ga marmara ta fito, ga kwazazzabo. Garmar tarakta kuwa ta fi ta shanu nitsewa, ɓarnarta ta fi sauri. Don haka malaman gona su ke cewa a gicciye kunya, ta tare ruwa ya shiga ƙasa, a kuma bar layin gamba ko wata ciyawa mai saiwa tsakanin fegi da fegi.

To, amma tafiya a gicciye ita ce ke karkatar da tarakta. Ƙafar ƙasa ta faɗa rami, ko ta sama ta hau kututture, sai ta kife a gefe. Amfanin awon da aka yi tun farko ke nan. Inda gangare ya ke da sauƙi a gicciye shi, da ƙaramar giya, a bar fili mai faɗi a bakin gona don juyawa sannu. In direba ya ji ƙafar sama tana neman ɗagawa, ya karya kan tarakta wajen gangare, ba wajen tudu ba. Kada ya matsi bakin kwazazzabo. In zurfinsa mita 2 ne, ya bar aƙalla mita 2. Inda gangare ya yi tsanani kuwa, ba gicciye ba miƙe, tarakta ba ta da aiki a wurin.

Akwai wata kifewa da ta fi wannan muni, watau ta baya. In ƙafafun baya suka kafe cikin laka, ko aka ɗaura sarƙa a sama da gatarinsu don a tumɓuke kututture, ƙarfin injin ba ya tsayawa. Tun da ƙafa ta ƙi juyawa, sai jikin tarakta ya juya, hanci ya tashi sama, ta faɗo a kan direba. Duk wannan ba ya kai daƙiƙa 2. Wani mutumin Ailan, Harry Ferguson, shi ya ƙago hannuwa uku na rataya garma, waɗanda in garma ta ci karo da dutse su kan danne hancin tarakta ƙasa. 'Yar ƙaramar taraktarsa ta 1946 ta bazu duniya saboda su. Amma dabararsa ba ta ceton wanda ya ɗaura sarƙa inda bai kamata ba. Ja kowane iri sai daga ƙarfen ja na ƙasa. In ta kafe, a fita da baya. In hawa ya yi tsayi, a hau da baya.

Lokacin kaka kuma ga tirela. Ƙaramar tarakta nauyinta bai fi na buhun masara 15 zuwa 20 ba. In aka lafta wa tirela marar birki abin da ya fi haka, a gangara ita za ta tura tarakta. A haɗa birki biyun da maƙullinsu kafin a hau hanya, a sa ƙaramar giya tun daga kan tudu, kada a taka kuloci, kada a sake ta ba giya don tsimin mai. Kujera kuma ɗaya ce. Yaran da a ke ɗorawa bisa murfin taya, gargada ɗaya ta isa ta jefa su ƙarƙashi.

Kiwonta

Tarakta kamar doki ce, kullum sai an duba ta. Kowace safiya a duba baƙin mai da ruwan lagireto, a sa giris, a kakkaɓe matatar iska, balle da hunturu sa'ad da ƙura ta yi yawa. Man gas a saye shi inda aka amince, a bar shi ya kwana cikin duro, ruwa da datti su kwanta, a ɗebi na sama. A sami littafi a riƙa rubuta awoyin aiki, a juye baƙin mai bisa ƙa'idar da kamfani ya rubuta. Matata da bel da abin facin taya a saye su tun watan Maris, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Direba kuwa a fi lura da hankalinsa bisa ga saurinsa. In ana biyansa bisa yawan eka kaɗai, an koya masa gaggawa ke nan.

Lissafi Kafin Ciniki

Kaftu da huɗa 'yan makonni ne a shekara. Taraktar da za ta yi wata goma tana kwance a zaure ba za ta biya bashinta ba. Sai mai ita ya nema mata aikin rani: jigilar takin gida zuwa gona, da kai hatsi kasuwa, da juya injin casar masara da sandar nan mai juyawa ta bayanta, da kaftun fadama ga masu tumatir na wajen Ɗanja. In zai yi wa maƙwabta haya, ya tsara su unguwa unguwa, kada mai ya ƙare a hanya.

Sa'an nan ya tuna da Mokwa. In da yana noma eka 15, tarakta ta buɗe masa 40, wa zai yi noman ciyawa? Ina takin eka 40? Ina rumbun? Ya lissafa dukan wannan da buhun masara, ba da naira kaɗai ba, gama farashi ba ya zama wuri ɗaya. In lissafi bai fita ba, ba abin kunya ba ne mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi, su rubuta sharuɗɗa a gaban mai unguwa, a san wanda za a fara yi wa aiki bana da wanda za a fara yi wa baɗi. Kada kuma a yi gaggawar sayar da shanun huɗa a shekarar farko. Su za su shiga inda tarakta ba ta shiga, su za su fid da manomi ran da ta lalace, ga taki kuma suna bayarwa.

Manomin da ya auna gangarensa, ya tambayi bakanike, ya yi lissafinsa tun da rani, shi ne zai sayi tarakta ta zama masa dukiya. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.