Fesin Ɗin Top Silinda da Zaɓen Gasket: Lissafi Kafin a Ci Ƙarfe

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayani a kan wani aiki da makanikai suka saba da shi a garejojin Mabera da sauran unguwannin birnin Sakkwato, wato fesin ɗin top silinda. Abin da ake nufi da fesin shi ne a ɗora top a kan injin yankan ƙarfe, a kankare fuskarsa har ta daidaita. Dalilai biyu ke sa a yi haka: ko dai top ya lanƙwashe bayan mota ta yi zafi, ko kuwa mai mota yana neman ƙarin ƙarfi. Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne, ƙarfen da aka ci da kaurin gasket ɗin da aka sa lissafi ɗaya ne, bai kamata a raba su ba.

2.0 Yadda Fesin ke Ƙara Matsi

Idan fistin ya hau ƙarshen silinda, akwai ɗan kogo da ke saura a ƙarƙashin top, inda iska da fetur ke matsuwa kafin filogi ya kunna su. Duk abin da ya rage wannan kogo ya ƙara matsi.

Bari mu ɗauki misali da Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da ta soma aiki a 1975. Injinta mai cc 1971 yana da silinda 4, faɗin kowacce milimita 88, tafiyar fistin kuma milimita 81. Ke nan kowace silinda tana ɗaukar kusan cc 493. In muka ƙaddara matsinta 8.8 ne bisa 1, kogon zai kama cc 63. Cin rabin milimita yana rage abin da bai wuce cc 3 ba, matsi ya koma wajen 9.2. Cin milimita 1 kuwa yana kai shi wajen 9.6. Amma lissafin kimiyyar inji ya nuna cewa ribar ƙarfi daga 8.8 zuwa 9.6 ba ta wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba. Wannan ita ce ribar, sai mu dubi abin da za a biya.

3.0 Haɗarin da ke Ciki

Na farko shi ne ƙwanƙwasa, wato fetur ya fashe da kansa saboda matsi da zafi. A Sakkwato, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, iskar da inji ke shaƙa da zafinta take shiga, don haka abin da zai zauna lafiya a Jos ba lalle ne ya zauna a nan ba. Ƙwanƙwasa kan ƙone gasket, ta fasa ringi, har ta huda fistin. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin ta, sai kwamfuta ta jinkirta wuta, ƙarfin da aka nema ya zube.

Na biyu, bawul yana ƙara kusantar fistin. Na uku, a injin da kamshaf ɗinsa ke bisa top, fesin yana rage tazarar da ke tsakaninsa da karanshaf, sai taimin ya ɗan goce. A 504 kuwa, kamshaf yana cikin bulok ne, sai dai dole a sake saitin bawul.

4.0 Zaɓen Gasket

Gasket iri biyu aka fi samu. Akwai mai laushi na haɗaɗɗen zare ko girafait, wanda ke haƙuri da fuskar da ba ta yi sumul sosai ba. Akwai kuma na fallayen ƙarfe, wanda ya bazu daga shekarun 1990. Ya fi jure matsi, amma in fuskar top tana da zane-zanen wuƙa, zai yi yoyo. Kauri ma abin lura ne, domin gasket da ya ɗara na asali da rabin milimita yana mayar da abin da fesin na rabin milimita ya ci. Wannan ne ya sa kamfanin Volkswagen ya sa wa gasket ɗin injinan dizal ɗinsa alamar tsaga ko huda, daga 1 zuwa 3, gwargwadon yadda fistin ya ɗara bulok. A 504 kuma, hannun rigar silinda cire shi ake yi, tilas a tabbatar ya ɗan ɗara bulok yadda littafin mota ya faɗa, in ba haka ba ruwa ya haɗu da mai.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawararmu ita ce a auna kafin a yanka. A gwada lanƙwasa da miƙaƙƙen ƙarfe da fila geji, a auna kogo da sirinji da mai, a duba iyakar da kamfani ya sa. Bayan haka a ɗaure kusoshi da sifanar awo, daga tsakiya zuwa gefe. Ya dace kuma makarantun koyon sana'a su koyar da wannan lissafi da Hausa, domin gasket ana sake shi, amma ƙarfen da aka ci ba ya dawowa.