Yadda Ake Lissafin Kwanon Bangon Sito

Idan kaka ta yi, manomi ya kwashe amfanin gona, abin da ke gabansa shi ne wurin ajiya. Gero da dawa suna da rumbu. Amma buhunan gyaɗa da masara da wake, da takin zamani da aka saya tun da rani, sai sito. Manoma da 'yan kasuwa da yawa sukan kafa ginshiƙan katako su buga musu kwano a jiki, watau kwanon ya zama shi ne bango. Aikin ba ya cin lokaci, ɓera kuwa ba ya iya huda shi. Wajen saye ake samun tangarɗa. Wani ya sayo kwano ya kasa, kuɗi sun ƙare, kafinta ya tattara kayansa, a toshe kafar da tsohon buhu a ce sai baɗi. Wani kuma ya sayo ya yi yawa, kuɗin iri su kwanta a bayan ɗaki suna tsatsa.

Kafar nan da ake rainawa ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Taki in ya sha feshin ruwa sai ya dunƙule. Gyaɗa da masara in sun sha danshi sai su yi fumfuna, wata fumfunar kuwa tana haifar da guba mai suna aflatoksin, wadda ke cutar da hantar mutum da ta dabba. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda an ba su abincin da aka haɗa da gyaɗa mai irin wannan guba. Saboda haka lalle ne a san adadin kwano tun ba a je kasuwa ba.

Awon Falle

Tushen lissafin duka ɗaya ne: abin da falle yake rufewa bayan an buga shi, shi ake ƙirgawa. Dalili kuwa, kowane falle sai ya hau bakin ɗan'uwansa, in ba haka ba ruwa ya bi tsakani. Wannan hawa yana cin faɗi.

Irin kwanon da aka fi samu a kasuwa tsawonsa ƙafa 6 ne, watau wajen mita 1.8. Faɗi kuwa ya danganta ga kamfani, don haka mai saye ya tafi da abin awo, ya ɗora falle biyu yadda kafinta zai ɗora su, ya auna. A ce faɗin falle inci 26 ne. In ya hau ɗan'uwansa da kwari ɗaya, abin da ya rage inci 24, watau ƙafa 2 cif. Da ƙafa 2 ɗin nan za a yi aiki.

Awon Bango

Ga misali. Sito ne mai tsawon ƙafa 20, faɗi ƙafa 12. A raba kowane bango da 2. Dogayen bangaye biyu kowanne falle 10, gajeru biyu kowanne falle 6. Jimla falle 32.

Wanda ya yi lissafi da inci 26 zai ce falle 30 sun isa, gama kewayen siton ƙafa 64 ne. Ran da aka buga su, ƙafa 60 kaɗai za su rufe, a bar masa kafa ta ƙafa 4, wadda ko akuya sai ta shiga.

Har ila yau, bango-bango ake lissafi, ba a haɗa kewaye a raba gaba ɗaya. Bangon ƙafa 13 falle 7 yake ci, ba 6 da rabi ba.

A ƙasar Hausa hadari daga gabas ya fi tasowa, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa. Ya kamata a can falle ya hau ɗan'uwansa da kwari biyu. Kwari ɗaya inci 3 ne, saboda haka falle zai rufe inci 21. In gajeren bango ne ke fuskantar gabas, zai ci falle 7 maimakon 6. Jimla ta koma 33. A bangon kudu da na arewa kuwa a fara bugawa daga yamma a nufi gabas, don bakin kowane falle ya ba iska baya.

Tsayin Bango

Sito yana son tsayin ƙafa 8, falle kuwa ƙafa 6 ne. Hanya biyu ce. Ta fari, a buga layi na biyu a sama. Na sama sai ya sauko kan na ƙasa da inci 6, watau ana bukatar guntu mai ƙafa 2 da rabi a kan kowane falle. Falle ɗaya guntu 2 yake bayarwa, ke nan guntaye 33 sai falle 17.

Ta biyu, a yi gindin gini na bulo ko na tubali mai tsayin ƙafa 2 da rabi, a shafe shi da siminti, kwano ya sauko ya rufe inci 6 na kansa ta waje. Tsayi ya cika ƙafa 8 da layi ɗaya tak. Wannan ta fi, domin ta rage falle 17, ta kuma raba kwano da ƙasa mai laima inda tsatsa ke farawa, ta nisanta katako daga gara.

Ƙofa, Taga Da Tsororuwa

Kada a cire kome saboda taga, gama cikin falle ake yanke ta, guntun kuwa da shi ake yi mata marufi. Ƙofa ma in da kwano za a rufe ta, ba a cire kome. In ta ƙarfe ce ko ta katako mai faɗin ƙafa 4, sai a cire falle 2.

In rufin mai tsororuwa ne, akwai wuri mai kusurwa uku a saman kowane gajeren bango. Nan ne masu lissafi kan yi mantuwa. A ce tsakiyarsa ta ɗaga ƙafa 3. Kowane gefe yana son guntaye 6: biyu masu ƙafa 3 da rabi, biyu masu ƙafa 2 da rabi, biyu masu ƙafa 1 da rabi, har da inci 6 na hawa. Babba da matsakaici falle ɗaya suke cinyewa, ƙanana huɗu kuma falle ɗaya. Gefe biyu falle 5 ke nan.

Jimla

Bango 33, tsororuwa 5, sun zama 38. A ƙara 2 saboda lanƙwasa a kusurwa da kuskuren almakashi, sun cika 40. Bandir galibi falle 20 ne, watau bandir 2. Mai saye ya ƙirga da hannunsa kafin ya biya, ya kuma sayi duka iri ɗaya a rana ɗaya, domin kwarin kwanon wani kamfani ba lalle ya zauna cikin na wani ba. Ƙusa mai hula, in layin katako 3 ne, kowane layi ƙusa 4, falle ɗaya zai ci 12, duka 480.

Wannan lissafin na bango ne kaɗai, na rufi dabam yake. Wanda bai iya rubutu ba ya auna bangayensa da igiya, ya sami ɗan makaranta ko akawu ya rubuta masa, sa'an nan a kira kafinta a duba tare kafin a fitar da kuɗi. Tun ran gini, ran zane.